Malam Abubakar Imam a Kujerar Editan Gaskiya

Mafi yawan mutanen Gusau da Bunguɗu da Damba, idan aka ambaci Malam Abubakar Imam, abin da ke fara zo musu a rai shi ne Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce, alhali kuwa shekaru goma sha biyu da ya yi yana editan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, daga 1939 zuwa 1951, su ne, a ganina, suka fi sauya al'amuran ƙasar Hausa.

An haife shi a Kagara a 1911, a gidan malanta da alƙalanci, ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya kuma koyar a Midil ta Katsina, har gasar ƙaga labarai ta 1933 ta haɗa shi da Dokta East na Hukumar Fassara a Zariya. Da gajimaren yaƙi ya taso a Turai, jita-jita kuma ta bazu cewa Ingila za ta miƙa Nijeriya ga Jamus don ta lallashi Hitila, sai Gwamnati ta ga maslahar kafa jarida da harshen jama'a, jaridar ta fito a watan Janairu na 1939, kuɗinta kwabo, aka kuwa ɗora Malam Abubakar a kan sashen Hausa.

To, a nan fa mushkilar take, domin wanda albashinsa ke fitowa daga baitulmalin Turawa, wanda kuma yake rubutu a ƙasar da sarki da hakimi da alƙali ba su saba jin talaka ya ɗaga murya ba, lalle yana tafiya ne a kan siraɗi. Hikimar da ya yi ita ce ya buɗe wa masu karatu filin wasiƙu, malaman makaranta da akawunan En'e da 'yan kasuwa suka riƙa aiko da koke-kokensu, shi kuwa yana tacewa, yana lulluɓe suka da rigar nasiha da ladabi, yadda mai mulki zai ji zafinta amma ya rasa hujjar fushi. Wasu samarin lokacin sun ga sassaucinsa ya yi yawa. Amma da ya yi gaggawa, da wuya a bar masa alƙalamin.

Ya kuma fahimci cewa jaridarsa ta kunne ce kafin ta zama ta ido. Tun da layin dogo daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Tsafe da Gusau ya kai Kauran Namoda a 1929, abin da aka buga a Zariya ba ya jimawa a hanya, amma masu iya boko kaɗan ne, mutum guda ke karanta wa jama'a cikin zaure, saboda haka ya zaɓi Hausa mai daɗin ji, wadda dattijon da bai taɓa shiga aji ba zai gane. Almajirai ma ba a manta da su ba, don an riƙa haɗa musu 'Yar Gaskiya da ajami.

A 1943 ya tafi Ingila cikin tawagar editocin Afirka ta Yamma, tare da Dokta Azikiwe, ya ƙi sa hannu a takardar neman mulkin kai da aka rubuta a tafiyar, bisa ra'ayin cewa Arewa ba ta shirya ba tukuna. Amma da ya gana da tsohon Gwamna Lugga, bai ɓoye masa aibin mulkin En'e da ƙuncin 'yan boko ba. Labarin wannan tafiya ne ya zama Tafiya Mabuɗin Ilmi.

Bayan ya bar jarida ya shiga majalisa, ya yi aiki a Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa, daga baya aka naɗa shi kwamishinan sauraron koke-koken jama'a, aikin da tun a shafin wasiƙu ya soma shi ba tare da an naɗa shi ba. Allah ya yi masa wafati a Zariya a 1981.