Ko Kun Sani? Murfin Lagireto Kaɗai Kan Sa Mota Ta Tafasa

A bazara zafin Zauro kan haura digiri 40, tsofaffin motoci su yi ta tafasa a hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu. Sau da yawa laifin murfin lagireto ne. Ruwa na tafasa a digiri 100, amma lafiyayyen murfi kan matse shi har kusan 120 bai tafasa ba. Robarsa na lalacewa, shi ke nan.

In ba murfin ba ne, a lura da lokacin da allurar zafin injin ke hawa. In mota na tsaye ne, a duba fanka. In a guje ne, a zargi lagireto: ƙurar hunturu kan toshe shi ta waje, dattin ruwan rijiya ta ciki. Don Allah kada a buɗe murfin lagireto in injin na da zafi, tururin na ƙuna.