Irin Soket Ɗin da Ya Dace da Gareji da Wurin Sana'a a Kano

Wutar da kamfanin KEDCO ke rabawa a Kano tana zuwa ne da ƙarfin volt 230, ƙarfin da ya isa ya kashe mutum idan ya taɓa tsirarar waya yana tsaye a jiƙaƙƙen siminti. Saboda haka soket ɗin ɗaki mai baki uku, wanda iyakarsa amfiya 13, bai wadatar ba a garejin gida, balle a masana'antun Sharada, Challawa da Bompai.

Kariya ta farko ita ce na'urar RCD, wadda ke auna wutar da ta shiga waya da wadda ta komo, ta kuma yanke ta cikin ƙiftawar ido da zarar bambancin ya kai miliamfiya 30, domin hakan alama ce cewa wuta na zurarewa ta jikin mutum ko ƙarfe. Fiyus ba ya yin wannan aiki, wayoyi kawai yake karewa daga ƙonewa, kuma nan ne masu gida da yawa ke ruɗuwa.

Ta biyu ita ce lambar IP da ke jikin murfin soket, inda alƙalamin farko ke nuna hana ƙura, na biyu kuma hana ruwa. IP44 na jure fantsamar ruwa, amma a garin da ƙurar hunturu ke kutsawa ko'ina, da wuraren jima irin na Challawa inda ƙasa ba ta bushewa, IP65 ya fi dacewa. Manyan injuna kuwa suna buƙatar soket ɗin masana'antu, shuɗi ga volt 230, ja ga volt 400.