Maki Ɗaya a Paris: Yadda Ake Auna Ƙungiyar Zari-Ruga Bayan An Tashi Wasa

Ranar Asabar, 28 ga watan Oktoba na shekarar 2023, a filin Stade de France da ke gefen birnin Paris, Afirka ta Kudu ta doke Niyuzilan da ci 12 da 11 a wasan ƙarshe na gasar cin kofin duniya ta zari-ruga, ta ɗauki kofin karo na huɗu, bayan na 1995 da 2007 da 2019. Wanda ya dubi allon maki kaɗai zai ce magana ta ƙare, an san gwani; amma masu nazarin wannan wasa, waɗanda aikinsu ba ya farawa sai alƙali ya busa tashi, sun san sakamako zahiri ne kurum, wanda kuwa yake nufin yanke wa ƙungiya hukunci bisa adalci, wajibi ne ya tono baɗinin al'amari, ya tara hujjoji kafin ya buɗe baki.

Ga wanda bai saba da wasan ba, kowane ɓangare mutum 15 ne, ana kuma fafatawa minti 80. Wanda ya kai ƙwallo bayan layin abokan hamayya ya dangwala ta ƙasa ya sami maki 5, a ba shi bugun ƙari na maki 2. In kuwa aka yi wa ƙungiya laifi, tana iya buga ƙwallo tsakanin sanduna ta sami maki 3.

Tambayar farko ita ce ta ina makin suka fito. Duk maki 12 na Afirka ta Kudu daga ƙafar mutum ɗaya suka zo, wato Handré Pollard, wanda ya buga bugun laifi huɗu, kowanne ya shiga, dukkansu kuma kafin hutun rabin lokaci. Daga nan har aka tashi ba ta ƙara ko maki ɗaya ba. Niyuzilan ce kaɗai ta dangwala ƙwallo, ta hannun Beauden Barrett. Saboda haka duk mai cewa zakarun sun yi gwaninta wajen kai hari a daren nan, lalle ya faɗi abin da ba shi da dalili a kansa.

Sai batun ladabi da kamun kai, wanda a ganina shi ne ginshiƙin wannan wasa, tun da yake a zari-ruga laifi yakan rikiɗe ya zama maki nan take a hannun abokin gaba. Ba a yi minti biyar da farawa ba Shannon Frizell na Niyuzilan ya karɓi katin gargaɗi, wanda ke fitar da ɗan wasa na minti goma. Kafin a cika minti 30 kuma kyaftin ɗinsu, Sam Cane, ya bugi Jesse Kriel na Afirka ta Kudu a ka da kafaɗa, aka ba shi katin gargaɗi, masu duba hoton bidiyo suka mayar da shi jan kati, ya zama ɗan wasa na farko da aka kora a wasan ƙarshe na wannan gasa ta maza. Afirka ta Kudu ma ba ta tsira ba, domin kyaftin Siya Kolisi da Cheslin Kolbe kowannensu ya sha katin gargaɗi bayan hutu. An yi ta saɓani a kan hukuncin alƙali Wayne Barnes da mataimakansa, musamman bambancin da aka yi tsakanin laifin Cane da na Kolisi, amma mai nazari ba ya ɓata lokacinsa a nan. Abin da ya shafe shi shi ne yadda ƙungiya ta yi da abin da ya same ta, kuma mutum 14 da suka yi fiye da minti 50 suna danna abokan hamayyarsu har suka rage tazara zuwa maki ɗaya sun cancanci a yaba musu, ko da sun koma gida ba kofi.

Riƙe ƙwallo na da ruɗi. Niyuzilan ce ta fi riƙe ta, sai dai riƙon da bai haifar da maki ba kamar huɗa ce mai yawa da ba ta cika rumbu ba. Abin da ya hana shi amfani shi ne tsaron Afirka ta Kudu, inda Pieter-Steph du Toit shi kaɗai ya tare ɗan wasa ya kai shi ƙasa sau 28, aka kuma zaɓe shi gwarzon wasan. Bayan wannan ga maki 5 da Niyuzilan ta zubar da ƙafarta: Richie Mo'unga ya ɓarar da bugun ƙari, Jordie Barrett kuma ya ɓarar da bugun laifi daga nesa ana dab da tashi.

Ana kuma auna ijtihadin masu horarwa. Jacques Nienaber da Rassie Erasmus sun cika bencin canji da ƙarfafan 'yan gaba bakwai da ɗan baya ɗaya tak, kasadar da ta so ta juye musu tun da Bongi Mbonambi ya ji rauni a gwiwa a mintocin farko, Deon Fourie ya maye gurbinsa. Dabarar ta ci, amma cin nasara ba ya kankare haɗarin da aka ɗauka.

Tun da yake shaida ɗaya ba ta isa a gina hukunci a kanta ba, sai a waiwayi wasannin baya: Afirka ta Kudu ta fitar da Faransa da ci 29 da 28, ta fitar da Ingila da ci 16 da 15. Abin da ya maimaitu sau uku a jere, a gaban manyan ƙasashe uku, ya fi ƙarfin a kira shi sa'a. Hukuncina shi ne Niyuzilan ta fi ƙayatarwa da ƙwallo a hannu, amma ta gaza wajen kamun kai da bugu, Afirka ta Kudu kuwa ta ci kofinta da haƙƙi, ta hanyar tsaro da haƙuri da ƙafar Pollard.