Taswirar Duniya a Cikin Rumbunanmu

'Yan'uwa, yaron da bai san kowa ba sai mutanen garinsu yakan tashi da tsoron baƙo. Maganin abin yana cikin rumbunanmu. Malamin firamare a Kuki zai iya keɓe mako guda don amfanin gona, kowane yaro ya kawo kaɗan daga gida, a aza bisa taswira. Gero da dawa 'yan Afirka ne, amma a Indiya ma ana gasa gurasar gero. Masara kuwa a Meziko aka fara nomanta, shekaru wajen 9,000 da suka wuce. Gyaɗa da rogo daga Kudancin Amurka suka zo. Yaron da ya gane tuwon masararsa baƙo ne, da wuya ya raina baƙo. Iyaye, mu taimaki malamai.