Mafi Girma da Mafi Ƙanƙanta a Harshen Kwamfuta, da Matsayin Baƙaƙe Masu Lanƙwasa

Hausa ba ta da sifa ta musamman ta nuna fifiko. Da aikatau fi take yin wannan aiki, a ce wannan ya fi wancan, ko ya fi duka, daga nan kuma aka sami mafi da mafiya. Harsunan da ake ba kwamfuta umurni da su kuwa suna da kalmomi biyu na wannan aiki, watau max, mai zaɓo mafi girma, da min, mai zaɓo mafi ƙanƙanta. FORTRAN, wanda kamfanin IBM ya fitar a 1957, da irinsu ya zo tun farko. Amma harshen Go, wanda Google ya bayyana a 2009, bai sa su cikin ginanniyar ƙa'idarsa ba sai a watan Agusta na 2023. Kafin nan, mai son kwatanta cikakkun lambobi sai ya rubuta nasa da kansa.

A kan lambobi babu gardama. In ɗan kasuwa ya ba na'ura farashin damin rake na Maƙarfi da na Kudan, ba za ta kuskure mai tsada ba.

Inda maganar ta shafi malaman Hausa shi ne, max da min na Go suna kwatanta kalmomi ma. Na'ura kuwa ba ta san abacada ba, lambar da tsarin Unicode ya ba kowane harafi kaɗai take dubawa. Babban D lambarsa 68, I 73, K 75, M 77, Z kuma 90. Amma Ɗ, da yake ba ya cikin baƙaƙen Turanci, can aka kai shi 394.

To, a ba ta sunaye huɗu: Ikara, Kudan, Maƙarfi da Ɗandamisa. Bisa jerin da ake koyarwa a makaranta, Ɗ na bin D, saboda haka Ɗandamisa ne na farko. Na'ura kuwa Ikara za ta ba min, ta ba max Ɗandamisa. In an cire lanƙwasar aka rubuta Dandamisa, nan take ya koma gaba. Wannan ba gyara ba ne, ɓarna ce, gama da haka ne ɗaki da daki ke zama kalma guda.

Haka ɓ da ƙ suke, duk bayan z suke faɗawa. Lalle ne mai shirya ƙamus ko rajistar ɗalibai ya rubuta wa na'ura jerin baƙaƙen Hausa dabam, ya kuma yanke mata ko sh da ts harafi ɗaya ɗaya ne ko biyu biyu, sa'an nan ya nemi na farko da na ƙarshe.