Kwalambait na Filato da Duwatsun da ke Riƙe Lantarki

JOS — Shekaru da dama bayan Turawan Ingila sun fara haƙar kuza a tsaunukan Jos a farkon shekarun 1900, akwai wani baƙin yashi mai nauyi da ake zubarwa bayan an wanke kuza, domin babu mai saye. Wannan yashi shi ne kwalambait. A cikinsa ake samun ƙarafa biyu, niyobiyam da tantalam.

Yawancin niyobiyam masana'antun ƙarfe ne ke sha, domin yana ƙara wa ƙarfe ƙwari. Amma ɗan abin da ya rage yana da wani aiki na daban. Idan aka haɗa shi da litiyam da iskar oksijin aka narka, ana iya renon dutse garai-garai kamar gilashi, wanda ƙwayoyinsa suka jeru bisa tsari ɗaya. Masana na kiran irinsa feroilektirik. Kamar yadda maganaɗisu ke da kai biyu, haka wannan dutse ke da gefen fozitif da gefen negatif ko ba a jona shi da wuta ba, kuma lantarki mai ƙarfi na iya juya gefunan. Joseph Valasek ne ya fara gano wannan ɗabi'a a Amurka a 1920, a cikin wani nau'in gishiri. Ta dutsen niyobiyam da litiyam kuwa sai a 1949.

Abin da ya ba shi daraja a kasuwa shi ne, in an sa masa wuta yakan motsa, in an matsa shi yakan ba da wuta. Da wannan ne ake yin 'yan mitsi-mitsin matatun da ke ware saƙon da wayar salula ke nema daga sauran saƙonnin da ke cikin iska.

A shekarun 1950, lokacin da Amurka ke tara ma'adinai saboda yaƙin Koriya, Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da kwalambait, har kamfanoni suka koma suna tonon jujin da suka zubar a Bukuru da kewaye. Daga shekarun 1960 Barazil ta ƙwace kasuwar niyobiyam, kuma har yau tana hannunta.

Sai dai ko a wancan zamani na ganiya, ɗanye ake loda shi zuwa ƙetare. Masana'antar Makeri da aka kafa a Jos a farkon shekarun 1960 kuza take narkawa a lokacin. Renon dutsen da yanka shi faifai-faifai, inda ribar take, yau ana yinsa ne galibi a Japan da Sin.