Berenike: dutsen da ba ya kan hanyarmu, da tashar da ta fi shi labari

A watan Fabrairun 2025 masana sararin samaniya suka ce wani dutse mai lamba 2024 YR4 yana da yiwuwar kusan kashi 3 cikin 100 ta faɗowa duniya a Disambar 2032. Labarin ya karaɗe WhatsApp kafin a yi la'asar. Bayan 'yan kwanaki aka ƙara auna tafiyarsa, lissafin ya sauka kusan sifili, amma wannan labarin bai samu masu tura shi ba. Tun daga nan, da zarar an ji wani dutsen sama mai suna, sai a haɗa shi da bidiyon wuta da muryar wani yana cewa a shirya. Tuba abin yi ne a kullum. Firgita bayin Allah da ƙarya kuwa zunubi ne mai zaman kansa.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake auna haɗari da girman dutse, ko da nauyin sunansa. Mu ɗauki guda ɗaya, mai lamba 653, wanda ake kira Berenike. Wani limamin coci Ba'amurke mai sha'awar taurari, Joel Metcalf, ya gano shi ranar 27 ga Nuwamba, 1907, a garin Taunton. Faɗinsa ya kai kilomita 40, wato ya ninka wanda masana ke dangantawa da ƙarewar manyan dabbobin dainoso wajen sau huɗu. In da girma ne ke kawo masifa, da Berenike ya isa ya hana kowa barci.

To amma ina yake? Yana cikin tarin duwatsun da ke tsakanin duniyar Mas da ta Jufita, kimanin kilomita miliyan 450 daga rana, yayin da mu muke kan miliyan 150. Yana gama zagaye ɗaya cikin shekara biyar da 'yan watanni, kuma hanyarsa kusan da'ira ce, ba ta lanƙwasowa ciki ta ratsa tamu. Ko a ranar da ya fi matsowa, tsakaninmu da shi ya haura kilomita miliyan 250, nisan wata sau 600 da ɗoriya. Tirelar da ke bin hanyar Kano zuwa Maiduguri ba ta kaɗe mai tafiya tsakanin Sakkwato da Birnin Kebbi, komai nauyin kayanta. Tambayar da masana ke yi game da kowane dutse ita ce ko hanyarsa na gitta tamu, kuma ko za mu iso mahaɗar a lokaci guda. Dutsen da ya tarwatse a saman hamadar arewacin Sudan a Oktoban 2008 bai wuce mita huɗu ba, amma hanyarsa ta haɗu da tamu, kuma an hango shi tun kafin ya iso.

Sunan ma ba wani sirri a cikinsa. Na sarauniyar Masar ne, Berenike ta biyu, 'yar sarkin Sairin da ke gabashin Libiya ta yau, wadda ta auri Tolemi na uku wajen shekara ta 246 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Da mijin ya tafi yaƙi Siriya, ta yi alwashin yanke gashinta in ya dawo lafiya, ta kuma cika. Gashin ya ɓata daga ɗakin bautar da aka ajiye shi, sai masanin taurarin fada, Konon, ya nuna wani gungun ƙananan taurari ya ce can ya koma. Har gobe gungun na ɗauke da sunanta. Birnin Bangazi ma ya taɓa amsa wannan suna saboda ita. Ƙarshenta bai yi kyau ba, domin an kashe ta jim kaɗan bayan ɗanta ya hau gado.

Amma ni inda hankalina ya fi tsayawa shi ne bakin Bahar Maliya, a kudancin Masar. Can Tolemi na biyu ya kafa tashar jiragen ruwa wajen shekara ta 275 kafin Annabi Isa, ya raɗa mata sunan mahaifiyarsa, Berenike ta farko. Giwayen yaƙi ya fara nema, waɗanda ake kamowa daga gabar Sudan da Eritiriya a ɗora wa jirage. A zamanin Rumawa sai ta zama ƙofar Indiya. Jirage kan bi iskar damina ta tekun Indiya su tafi, su jira ta juya su dawo, a sauke kaya, raƙuma su ɗauka su ratsa hamada kwana 12 zuwa garin Kift a bakin Nilu, daga nan kwale-kwale su gangara da su Iskandariya.

Tun 1994 ake tono a wurin, ƙarƙashin Farfesa Steven Sidebotham na Jami'ar Delaware, daga baya tare da masana daga Jami'ar Warso ta Foland. Sun tarar da tulun Indiya da kilo 7 da rabi na baƙin barkono, ɗan'uwan masoronmu, a harabar wani ɗakin bauta. Sun samu katakon jirage daga itatuwan Indiya, da rubutu da harshen Tamil, da maƙabartar dabbobin gida mai ɗaruruwan kyanwowi, har da birai da aka kawo daga Indiya. A 2023 aka sanar da gano mutum-mutumin Buda mai tsawon santimita 71. Wannan duk a ƙasar Afirka ne, ƙarnoni da dama kafin jirgin Bature ya zagayo ta kudancin nahiyar. Wajen ƙarni na 6 aka watse daga garin, rairayi ya rufe shi. Abin takaici ne a ce ɗalibinmu zai gama sakandare bai taɓa jin sunan wannan tasha ba, alhali bidiyon dutsen da zai ƙona duniya ya shigo wayarsa ba adadi.

Akwai wani dutse da tabbas za a yi surutu a kansa. Afofis, mai faɗin kusan mita 340, zai wuce kimanin kilomita 32,000 daga doron ƙasa ranar Juma'a, 13 ga Afrilu, 2029, kuma mutanen Afirka na cikin waɗanda za su iya ganinsa da ido da daddare. Tun 2021 hukumar NASA ta tabbatar ba zai taɓa mu ba na aƙalla shekara 100. Hukumomin da ke cin kasafin kuɗi da sunan kimiyya, da gidajen rediyonmu, da malaman makarantu, su fara yi wa jama'a wannan bayani da Hausa tun yanzu, kafin masu haɗa bidiyo su riga su.